Shin Black Panther Ya Cancanci Irin Yabon da Aka Yi Masa?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Ya ce bai samu kallon fim ɗin Black Panther ba a 2018, lokacin da duniya ta ɗauka da zancensa, sai kwanan nan ya zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Ya ji daɗinsa, amma bai ga abin da ya kai a yi ta kururuta shi haka ba, saboda haka yake son ya san ko idonsa ne bai gani ba, ko kuwa talla da zuga ne kawai suka ɗaga fim ɗin.

Malam, na daɗe ina koyar da rubutun labarin fim da nazarinsa, kuma wannan fim yana cikin waɗanda na fi maimaita kallonsu tare da ɗalibai, muna tsayar da shi muna komawa baya. Amsata ita ce, ya cancanci yabo mai yawa, amma yabon da aka yi masa iri biyu ne aka cakuɗa su a ƙwarya ɗaya. Akwai yabon muhimmancin fim ɗin, wato abin da fitowarsa ta sauya a masana'antar finafinan Amurka da kuma zukatan waɗanda aka yi shi dominsu, sannan akwai yabon ingancinsa a matsayin aikin fasaha. Na farko ya cancance shi gaba ɗaya. Na biyu kuwa ya cancanci kamar kashi biyu cikin uku, kuma kashi ɗayan da ya rasa shi ne, a zatona, abin da ya sa ka tashi daga kallon kana jin kamar an rage maka wani abu.

Ya kamata mu fara da girman abin da ake magana a kai. Fim ɗin ya fito a Amurka ranar 16 ga Fabrairu 2018, shi ne na 18 a jerin finafinan sadaukan kamfanin Marvel masu haɗe da juna, kuma Ryan Coogler, wanda ya ba da umarni, yana da shekara 31 a lokacin, da finafinai biyu kacal a bayansa, Fruitvale Station na 2013 da Creed na 2015. An kashe kimanin dala miliyan 200 wajen yin sa, ya kuma tara fiye da dala biliyan 1.3 a gidajen sinima na duniya, kusan miliyan 700 daga ciki a kasuwar gida. A watan Afrilun wannan shekarar, da Saudiyya ta sake buɗe sinima bayan kimanin shekara 35 a rufe, da shi aka buɗe a Riyad. A bikin Oscar na 2019 ya shiga takara a rukuni bakwai, har da na fim mafi kyau, abin da wani fim na sadaukai bai taɓa samu ba kafinsa, ya kuma ci uku: sutura, tsara muhallin fim, da kiɗa.

Wani ɓangare na abin da aka riƙa faɗa a lokacin ba daidai ba ne. Ba shi ne fim na farko da baƙar fata ya fito a matsayin sadauki ba, domin Wesley Snipes ya yi Blade tun 1998, kuma ya samu kasuwa har aka yi masa na biyu da na uku. Abin da yake sabo shi ne a damƙa irin wannan dukiya a hannun darakta baƙar fata, a cika fim da 'yan wasa baƙaƙe tun daga sarki har dogarai, a kafa labarin a Afirka, sannan a sayar da shi a Sin da Koriya da Turai. Shekara da shekaru manyan masu zuba jari a Hollywood sun yi ta cewa fim ɗin baƙaƙen fata ba ya ƙetare teku, kuma da wannan hujja aka hana ayyuka da yawa kuɗi. Kusan rabin abin da Black Panther ya samu daga wajen Amurka ya zo. Wanda ya san yadda ake yanke shawarar zuba kuɗi a fim ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma kai da ka kalle shi a gida bayan shekaru ba za ka ga wannan a allo ba, domin ba a cikin fim ɗin yake ba, a kewayensa yake.

To amma kuɗi ba su tabbatar da kyau, saboda haka mu shiga cikin aikin kansa. Inda fim ɗin ya fi ƙarfi, inda kuma ban yarda da duk wanda ya ce zuga ce ba, shi ne ginin Wakanda, ƙirƙirarriyar ƙasar Afirka da labarin ke faruwa a cikinta. Yawancin finafinan sadaukai a birni ɗaya suke faruwa ko da an sauya masa suna: dogayen gine-ginen gilashi, tituna, motocin da za a farfasa. A nan sai da aka zauna aka ƙirƙiri ƙasa mai kabilu biyar, kowace da launinta da sana'arta da irin shigarta, ta yadda idan aka taru a bakin ruwa ranar naɗin sarauta, kafin kowa ya buɗe baki mai kallo ya riga ya gane cewa al'umma ce mai sassa, mai tarihi, mai saɓani a tsakaninta. Ruth Carter, wadda ta yi suturar, ba baƙuwa ba ce a wannan fage, ita ce ta yi suturar fim ɗin Malcolm X na 1992. Ta ɗauko bargon mutanen Lesotho ta ba kabilar da ke tsaron iyaka, sai aka mayar da bargon garkuwar yaƙi. Ta ɗauko hular matan aure ta Zulu ta ɗora wa Ramonda, mahaifiyar sarki, aka kuma ƙera hular da na'urar da ke fitar da abu daga zanen kwamfuta, wato tsohuwar siffa da sabon aiki. Zobban wuya na Ndebele suna jikin dakarun mata masu tsaron sarki, faifan leɓe na mutanen Mursi da Surma na Habasha yana bakin dattijon kabilar kogi, shigar Buzaye kuma tana jikin kabilar fatake. Hannah Beachler, wadda ta tsara muhallin, ta kafa dogayen benaye masu itatuwa a soke a jikinsu irin na masallatan ƙasa na Tambutu da Jenne, ta bar kasuwa a matsayin kasuwa, da rumfuna da masu soye-soye da ƙura, jirgin zamani yana wucewa ta gefenta. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne mafi daraja a fim ɗin: cewa ci gaba ba dole ne ya yi kama da Turai ba, cewa al'umma tana iya kaiwa ƙololuwar kimiyya ba tare da ta tuɓe rigarta ba. Carter ce mace baƙar fata ta farko da ta ci Oscar a sutura, Beachler kuma ita ce baƙar fata ta farko da ta ci a nata rukunin, kuma ban ga wanda zai ce alfarma aka yi musu ba.

Kiɗan ma haka ne, kuma a nan kunnen Bahaushe yana da abin da zai kama wanda kunnen Ba'amurke ba zai kama ba. Ludwig Göransson mutumin Suwidin ne, amma ya tafi Senegal ya bi mawaƙi Baaba Maal yawon wasa, kuma muryar Baaba Maal ce ke tashi lokacin da jirgin sarki ya keta duhu ya shiga Wakanda da asuba. Taken T'Challa, sarkin Wakanda kuma jarumin fim ɗin, an gina shi a kan tama, wadda 'yar'uwar kalangu ce, ana matsa ta a hammata tana sauya murya, kuma makaɗin yana kiran sunan sarkin ne da ita, kamar yadda makaɗan fada suke kaɗa taken basarake a gane wanda ke tafe tun ba a hango shi ba. Shi kuwa abokin gabarsa, Killmonger, an ba shi sarewar Fulani mai kuka a kan dukan kiɗan gambarar zamani na unguwannin baƙaƙen Amurka, wato an faɗa maka da sauti cewa mutumin nan jininsa na can ne, tarbiyyarsa ta nan ce, kuma biyun ba su daidaita a cikinsa ba. Da ya hau karagar mulki, sai dukan nasa ya danne tamar. Wannan shi ne kiɗan da ke ba da labari, ba wanda ke cike shiru kawai ba.

Abu na biyu da ya ɗaga fim ɗin sama da tsararrakinsa shi ne Killmonger kansa, wanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsa. 'Yan kallo a wajenmu sun saba da bos wanda mugu ne don mugunta, ana jiran a kashe shi a tafa. Wannan kuwa an ba shi hujja, kuma hujjar tana da nauyi har ta fi ta jarumin. Mahaifinsa ɗan sarautar Wakanda ne da aka aika leƙen asiri birnin Oakland na Amurka, ya ga halin da baƙaƙen fata ke ciki, ya yanke shawarar ba su makamai, sai ɗan'uwansa sarki, mahaifin T'Challa, ya kashe shi a 1992, aka bar yaron a can don a rufe asiri. Zaɓen Oakland ba hatsari ba ne. Garin Coogler ne, kuma a can Huey Newton da Bobby Seale suka kafa ƙungiyar Black Panther mai fafutukar kare baƙaƙen fata a watan Oktoba 1966, 'yan watanni bayan Stan Lee da Jack Kirby sun fito da wannan sadauki a mujallar zane a watan Yulin shekarar. Tambayar da yaron ya girma da ita ita ce: ina Wakanda take lokacin da ake loda mutane a jiragen ruwa, ina take lokacin mulkin mallaka, da duk ƙarfin da take da shi? Fim ɗin ba shi da amsa mai daɗi, kuma ya yi jarumtar amincewa da hakan, har T'Challa ya tsaya gaban kakanninsa ya ce musu sun yi kuskure.

Fitowa biyu nake nuna wa ɗalibai idan ina son su ga yadda ake rubuta abokin gaba. Ta farko ita ce ta gidan adana kayan tarihi a Landan, inda yake tambayar ma'aikaciyar asalin kayayyakin Afirka ɗaya bayan ɗaya, tana amsawa da tabbacin masaniya, har ya tambaye ta ko tana zaton kakanninta sun biya kuɗin kayan ne da suka ɗauko su. A cikin minti kaɗan an nuna maka iliminsa da fushinsa da kuma rashin tausayinsa, tunda ya riga ya sa an zuba mata guba a abin shanta. Maganar kuma ba ƙirƙira ba ce, domin a 1897 sojojin Birtaniya sun ci birnin Benin da yaƙi suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, waɗanda har yau da yawansu suna Turai da Amurka, ko da yake Jamus ta mayar wa Nijeriya wasu a watan Disamba 2022. Fitowa ta biyu ita ce lokacin da ya sha ganyen sarauta ya tafi ganawa da magabata. T'Challa ya samu nasa kakannin a fili mai faɗi ƙarƙashin bishiya. Shi kuwa sai ya tsinci kansa a ƙaramin ɗakin nan na Oakland inda ya tarar da gawar mahaifinsa, sararin magabatan yana can ta taga bai kai gare shi ba. Uban ya tambaye shi ko ba zai yi masa kuka ba, sai aka mayar da shi yaro, ya amsa da cewa kowa mutuwa yake yi, haka rayuwa take a unguwarsu. Ban san wata fitowa a dukan finafinan Marvel da ta kai wannan zurfi ba, kuma babu duka babu harbi a cikinta.

Daga nan ne kuma matsalar take farawa, domin fim ɗin ya tayar da tambayar da ta fi ƙarfin mazubin da aka zuba shi a ciki. Idan abokin gaba yana da gaskiya, marubuci yana da hanya biyu: ko ya bar jarumi ya kayar da hujjar da hujja, ko ya ɓata mutumin har mai kallo ya daina sauraronsa. Coogler da abokin rubutunsa Joe Robert Cole sun fi karkata ga ta biyu. An sa Killmonger ya harbe budurwarsa ba tare da ko ɗar ba, ya shaƙe dattijuwa mai kula da lambun ganyen sarauta, ya sa a ƙone lambun, ya yanka ɗaya daga cikin dakarun mata, sannan aka sa masa a baki cewa rana ba za ta faɗi a daular Wakanda ba, wanda kirarin daular Birtaniya ne. Ana iya kare wannan da cewa abin da ake nufi ke nan, wato wanda aka zalunta ya koyi halin azzalumi, kuma na yarda akwai gaskiya a ciki. Amma sakamakonsa shi ne, Ba'amurke baƙar fata guda ɗaya tilo mai muhimmanci a cikin labarin shi ne wanda dole a kashe, kuma ra'ayin cewa waɗanda ake zalunta suna da haƙƙin kare kansu an ɗaure shi da kisan mata don kada kowa ya tsaya ya auna shi. Abin takaicin shi ne akwai wadda ke riƙe da matsaya ta uku tun farkon fim, wato Nakia, masoyiyar T'Challa, wadda ta ce Wakanda tana iya karɓar 'yan gudun hijira ta kuma ba da taimako ba tare da ta ci kowa da yaƙi ba. Matsayarta ce ta yi nasara a ƙarshe, amma ba a taɓa haɗa ta da Killmonger sun yi muhawara ba, kuma wannan ita ce fitowar da fim ɗin ya fi bukata bai yi ba.

Sai batun Everett Ross, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, wanda aka mayar abokin Wakanda na ƙwarai, har shi ne ya tuƙa jirgi ya kakkaɓo makaman da aka aika waje. Fim ɗin da kansa ya sa Ross ya faɗi cewa su ne suka horar da Killmonger kifar da gwamnatoci, amma bai sa an tuhume shi da komai ba, ban da Shuri, ƙanwar T'Challa, da ta kira shi ɗan mulkin mallaka cikin raha. Duk wanda ya san tarihin Kwango ya san cewa hukumar nan ta shirya kashe Patrice Lumumba, firaministan ƙasar na farko, da guba a 1960, abin da kwamitin majalisar dattawan Amurka ya tabbatar a 1975, kuma an kashe Lumumba a watan Janairu 1961 bayan an kawar da shi daga mulki. Labarin ƙasar Afirka mai ma'adinin da duniya ke kwaɗayi, sannan a ce jami'in wannan hukuma ne amintaccenta, abu ne da ke da wuyar haɗiya ga ɗan Afirka, ko ɗan Kwango mai kobalt ne ko ɗan Nijar da ya san abin da yuraniyam ɗin Arlit ya amfana wa wasu da abin da ya bar wa mutanen wurin.

Ta fuskar fasaha zalla, kashin ƙarshe shi ne mafi rauni. Faɗan farko da aka yi a bakin ruwa tsakanin T'Challa da M'Baku, shugaban kabilar dutse da ya ƙalubalanci sarautarsa, yana da nauyi domin jikin mutane ne na gaske, cikin ruwa, da mashi da garkuwa, kana jin kowane duka. Faɗan gidan caca na birnin Busan a Koriya ta Kudu, wanda aka haɗa ya zama kamar ɗauka ɗaya ba yankewa, kyamara tana hawa bene tana sauka, shi ma aiki ne mai kyau na Rachel Morrison da ta ɗauki hoton fim ɗin. Amma faɗan ƙarshe, wanda ya kamata ya fi kowanne, an kai shi cikin ramin ma'adini mai duhu, an rufe fuskokin 'yan wasan biyu, an bar siffofi biyu na kwamfuta masu kusan kama ɗaya suna tsalle a kan layin dogo ba nauyi ba ƙashi. Mutanen da ƙarfin fim ɗin ya dogara ga idanunsu da muryoyinsu, su ne aka ɓoye a lokacin da aka fi bukatar ganinsu. A sama kuma ga karkandai masu sulke, waɗanda kwamfutar ba ta gama gyara su ba. Wannan ba laifin Coogler kaɗai ba ne, tsarin kamfanin ne ya tanadi cewa kowane fim sai ya ƙare da babban yaƙi, ko labarin yana bukata ko ba ya bukata, kuma irin wannan ne ya sa fitaccen darakta Martin Scorsese ya ce a 2019 finafinan Marvel sun fi kama da wuraren wasan shaƙatawa. Ban bi shi a kan dukan hukuncinsa ba, amma a kan minti ashirin na ƙarshen wannan fim yana da abin faɗa.

Akwai kuma wani rauni a ginin labarin da Bahaushe zai fi saurin lura da shi. Ƙasar da aka ce ta fi kowace ilimi a duniya, sarautarta da dukan makamanta suna iya komawa hannun baƙon da ya zo jiya, muddin yana da jinin sarauta kuma ya yi nasara a kokawa, majalisar dattawa tana zaune ba ta da ikon cewa uffan. Masarautun Afirka na gaske ba haka suka gudana ba. A Kano akwai masu zaɓen sarki, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, a tsohuwar Oyo kuma majalisar Oyo Mesi tana da ikon ƙin Alafin da ya kauce hanya. Marubutan sun bukaci hanya mai sauri ta ɗora Killmonger a karaga, sai suka koma ga tsohon zaton nan cewa mulki a Afirka na mai ƙarfin damtse ne, wanda shi ne irin zaton da fim ɗin ya fito don ya rusa.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin shi ne ainihin dalilin da ya sa kai da wasu masu kallo a nan ba ku ji abin da aka ji a can ba. Fim ɗin ba labarin Afirka ba ne, labarin kewar Afirka ne, kewar mutanen da aka raba da sunayensu da harsunansu shekaru ɗaruruwa, waɗanda ba su san garin da za su nuna su ce nan ne asalinmu ba. Ga irin wannan mutum, tara bargon Lesotho da hular Zulu da harshen Xhosa da rubutu mai kama da nsibidi na kudu maso gabashin Nijeriya a ƙasa ɗaya gida ne aka gina masa, kuma hawayen da aka zubar a sinimomin Amurka na gaskiya ne, ba na talla ba. Kai kuwa da ka san garinku da kabarin kakanka, abin da za ka gani shi ne al'adun da ke da nisan dubban kilomita a tsakaninsu an jera su wuri ɗaya, da karin harshen da kowane ɗan wasa ya yi nasa daban. Xhosa ɗin ma ya shigo ne ta hanyar John Kani, ɗan wasan Afirka ta Kudu da ya fito a matsayin tsohon sarki tun a fim ɗin Captain America na 2016, mafi yawan ɗaukar kuma a Atlanta aka yi ta. Ban ɗauki wannan a matsayin zamba ba, domin Wakanda tatsuniya ce kuma ba ta ɓoye hakan ba, amma wanda ya ce fim ɗin ya nuna wa duniya Afirka ya faɗi abin da ya wuce gaskiya.

Afirka ta gaske sau ɗaya ta fito da sunanta a sarari, kuma yankinmu ne. A farkon fim an rubuta dajin Sambisa, Nijeriya, ga ayarin motoci ɗauke da matan da aka sace sanye da hijabi, T'Challa ya diro daga sama ya gama da masu bindigar cikin 'yan mintuna. Ba a ambaci Boko Haram ba, amma kowa ya san 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu 2014 ake nufi. Akwai abu ɗaya mai kyau a fitowar, inda Nakia ta hana a kashe wani yaro mai bindiga ta ce shi ma sato shi aka yi, wanda ya nuna marubutan sun fahimci wani abu game da wannan yaƙi. Amma a cikin labarin ba don matan aka je ba, an je ne a ɗauko Nakia ta halarci naɗin sarauta, aka kuma yi amfani da wurin wajen nuna yadda sarki ke daskarewa idan ya ga masoyiyarsa, aka ce wa matan kada su faɗa wa kowa, aka tashi aka bar su a daji da dare. Kalmar wallahi, wadda ke bakin miliyoyin mutane a kullum, a bakin ɗan bindigar da ya ɗora wa mace makami aka ji ta, alhali a Wakanda babu alamar Musulunci ko Kiristanci, addinan da mafi yawan 'yan Afirka ke bi. Kwana uku bayan fitowar fim ɗin, ranar 19 ga Fabrairu 2018, aka sace 'yan mata 110 a makarantar Dapchi ta jihar Yobe. Na kalli fim ɗin a cikin makon, kuma wannan fitowa ta tsaya mini a rai har aka tashi, ban iya yin dariyar da aka shirya a yi a wurin ba.

Game da shigarsa takarar fim mafi kyau, ina ganin muhimmancinsa ne ya kai shi can fiye da kammaluwarsa, kuma ba shi ne na farko da hakan ta faru da shi ba, sannan ban ga fim ɗin Green Book da ya ci kyautar a shekarar ya fi shi komai da za a tuna ba. Idan da ni ne mai rabo, da na ƙara wa Jordan takara a rukunin mataimakin jarumi, wadda bai samu ba. Chadwick Boseman kuwa, wanda ya fito a matsayin T'Challa, mutane da yawa sun ce an rinjaye shi a fim ɗinsa, tunda Okoye, shugabar dakarun mata, da Shuri da M'Baku sun fi shi ɗaukar ido, har an kawar da shi daga labarin na wani lokaci a tsakiya. Ni ina ganin aikin da aka ba shi ne ya fi wuya, domin nuna nutsuwa da nauyin sarauta da shakkar ɗan da ya gano laifin ubansa ba ya zuwa da ihu. Sai bayan rasuwarsa ranar 28 ga Agusta 2020, yana da shekara 43, aka san cewa tun 2016 yake fama da sankarar hanji, wato da ciwon a jikinsa ya yi dukan wannan ɗauka.

Idan za ka sake kallonsa, Malam, ina ba ka shawara ka sa ido a kan fitowar da ta biyo bayan faɗan ramin, inda T'Challa ya ɗauko ɗan'uwansa Killmonger da wuƙa a ƙirji ya kai shi bakin dutse don ya ga faɗuwar ranar Wakanda, wadda mahaifinsa ya taɓa ce masa babu mai kyanta a duniya. An cire musu rufin fuska, kwamfuta ta ja baya, mutum biyu ne kawai suke zaune. T'Challa ya ce ana iya warkar da shi, shi kuwa ya ƙi, domin ya san kurkuku ne zai biyo baya, ya roƙi a jefa gawarsa a teku tare da kakanninsa da suka yi tsalle daga jiragen bayi suka zaɓi mutuwa a kan ƙangi. Ka lura cewa kakannin da ya ambata ba na Wakanda ba ne, na wajen mahaifiyarsa ne, wadda fim ɗin bai taɓa nuna fuskarta ba.